Yadda na fito da farin sabulu tas da hodar titaniyom a haɗin sanyi

Sabulun da aka haɗa ba tare da an ɗora shi a wuta ba, wato haɗin sanyi, da wuya ya fito fari da kansa. Launin man da aka yi shi da shi yake ɗaukowa: man zaitun ya ja shi zuwa rawaya ko kore-kore, ɗanyen man kaɗanya ya dusashe shi, manja kuwa ba a ma magana. Mai son fari tas, ko mai son shuɗi ya fito sarai ba tare da rawayan mai ya mayar da shi kore ba, hodar titaniyom dayoksaid yake nema. A jikin leda ko kwalba za a ga an rubuta TiO2, wani lokaci kuma lambarta ta kayan kwalliya, CI 77891.

Kafin a buɗe ledar akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a kai: wannan hoda ba bilic ba ce. Ba ta cire launin komai. Ba ta narkewa a ruwa, ba ta narkewa a mai, soda ma, wato kostik soda da ake haɗa sabulu da ita, ba ta cin ta. Ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, girman kowace bai wuce maikiron 0.2 zuwa 0.3 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), aikinsu su tare haske su watsa shi ya dawo wa ido. Ƙarfin lanƙwasa haskenta ya kai 2.5 zuwa 2.7, alhali na ruwa 1.33 ne, na mai kuma wajen 1.47, kuma wannan tazarar ce ta sa ƙanƙanin abu yake rufe launi mai yawa. Rufewa take yi. Saboda haka launin da ke ƙarƙashi yana da tasiri, sannan idan ƙwayoyin suka dunƙule wuri ɗaya an yi asarar yawancin aikinsu, domin na waje kaɗai haske yake taɓawa. Duk wahalar aikin nan a kan warware dunƙulen take, ba a kan yawan hodar ba.

Na fara da gwada irin hodar da ke hannuna, tunda iri biyu ake sayarwa, mai shiga ruwa da mai shiga mai, kuma ba kowane mai sayarwa yake rubutawa ba. Na zuba ruwa a ƙaramin kofin gilashi, na zuba mai a wani, na saka ɗan abin da bakin cokali ya ɗauka a kowanne na juya. A kofin ruwa nan take ta bazu, ruwan ya yi fari gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci ma bai koma garau ba. A kofin mai sai ta yi gudaji-gudaji ta kwanta a ƙasa. Tawa ke nan mai shiga ruwa ce. Da ɗayar ce, da ta yi ta yawo a saman ruwan tana ƙin jiƙewa, ko ta manne a bangon kofi. Akwai wadda ke karɓar duka biyun, amma gwajin minti biyu ya fi dogaro da zato.

Na sa takunkumin fuska kafin in ɗibi hodar, kuma ban yi aikin a gaban fanka ba. A cikin sabulu ba ta da wata illa, an yarda da ita a matsayin launi a kayan shafa da na wanka, amma shaƙar ƙurarta wata magana ce daban. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sanya ta a rukunin 2B, abubuwan da wataƙila su jawo cutar idan ana shaƙarsu, kuma Tarayyar Turai ta hana saka ta a kayan ci tun 2022. Da zarar ta jiƙe babu sauran ƙura. Sai kuma a tabbata irin ta kayan kwalliya aka saya, ba ta masu haɗa fenti ba, domin waccan ba a tace ta da niyyar ta taɓa fata ba.

Man da na zaɓa kilo ɗaya ne cif: tataccen man zaitun mai haske giram 400, man kwakwa giram 300, tataccen manja wanda aka cire masa ja giram 250, man zurma giram 50. Da gangan na kauce wa man zaitun mai kore na matsar farko. Yana da kyau a fata, amma sai an ninka hoda kafin a rufe korensa, kuma ko an ninka farin yana fitowa da duhu-duhu. Man kwakwa, man alayyadi da narkakken kitse su ne ke ba da fari tun daga tushe, wanda ya yawaita su rabin aikin ya ƙare masa. Man darbejiya ko jan manja kuwa babu yawan hodar da zai mayar da su fari, iyakaci a samu ruwan ƙasa mai haske.

Sodar da wannan haɗi ke buƙata giram 143 ce, lissafin da ya bar kashi 5 cikin 100 na man bai zama sabulu ba domin ya yi laushi a fata. Wannan adadi na waɗannan mayukan ne kawai. Idan aka canza ko guda, dole a sake lissafi, tunda kowane mai da yawan sodar da yake ci. Ruwa gaba ɗaya giram 286, ninki biyu na sodar. A kula da wannan lamba, za mu dawo kanta, domin tsoffin lissafai da yawa suna ba da giram 380 ga kilon mai, kuma wannan ƙarin giram ɗin kusan ɗari shi ne ke ɓata farin sabulu fiye da komai. Tataccen ruwa na yi amfani da shi, wanda aka turara aka tara tururinsa, saboda ruwan famfo yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da ke sa sabulu ya yi ɗigon ruwan lemo daga baya, kuma a jikin fari ba ya ɓuya.

Hodar giram 7 na auna, kashi 0.7 cikin 100 na nauyin mai. Abin da aka saba shi ne tsakanin kashi 0.5 da kashi 1. Masu auna da cokali suna cewa cokalin shayi ɗaya ga rabin kilo na mai, amma ni sikeli na fi yarda da shi, domin hodar tana danƙarewa, cokali ɗaya yau ba shi ne cokali ɗaya gobe ba. Sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin goma na giram shi ya dace.

Nan ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci. Na zuba giram 7 ɗin a ƙaramin kwanon tangaran, na auna ruwa mai ɗumi giram 21, ninki uku ke nan, amma ban juye shi duka ba. Kaɗan na fara ɗigawa, daidai yadda hodar za ta zama kwaɓi mai kauri, na riƙa murza ta da bayan cokali a jikin bangon kwano. A kwaɓi mai kauri gudajin ba su da wurin gudu, cokali yana danne su suna fashewa. Idan aka cika ruwa tun farko sai su riƙa sulɓewa suna kewaya cokali, a yi ta juyawa a banza. Da farko ana jin ɗan ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin cokalin, a hankali ya ragu har ya zama sumul. Sai a lokacin na ƙara sauran ruwan kaɗan-kaɗan, na juye a ƙaramar kwalba mai murfi, na kaɗa da ɗan injin kaɗawa mai batir na kusan minti ɗaya, na rufe na ajiye ta kwana. Kwanan yana ba ruwa damar ratsa ƙananan dunƙulen da ido ba ya gani. Wasu suna jefa ƙananan ƙwallayen ƙarfe marasa tsatsa a cikin kwalbar su riƙa girgizawa, shi ma yana aiki sosai.

Da safe hodar ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso sama. Wannan ba matsala ba ce, tunda dama ba narkewa take yi ba. Na girgiza sosai, na ɗiga ɗigo ɗaya a kan baƙin faranti na shafe shi da yatsa. Abin da ake nema shi ne farin shafi bai ɗaya, babu ɗigo-ɗigo, babu layin da wata ƙwaya ta ja. Duk da ya yi kyau sai da na tace shi da rariya mai ƙananan ido, na goga abin da ya rage a kanta da cokali har ya wuce.

Wancan ruwan giram 21 daga cikin 286 na cire shi, ba ƙari ba ne. Saura giram 265 na narkar da soda. Haka ma ga mai amfani da hoda mai shiga mai: ya ɗebi giram 21 ɗin daga man zaitun da ya riga ya auna. Idan ya ƙaro daga waje, ya ɗaga man da bai zama sabulu ba daga kashi 5 zuwa kusan 7 bai sani ba. Akwai masu zuba hodar kai tsaye a ruwan soda. Yana yiwuwa da mai shiga ruwa, amma ban fi son haka ba, saboda tana kwanciya a gindin jug, ba dama a gwada ta da yatsa, kuma idan wani sashe kawai ake son ya yi fari an rufe wannan ƙofar.

Da safar hannu, tabarau da riga mai dogon hannu na zuba sodar a cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ina juyawa. Soda ake zubawa a ruwa, ba a taɓa zuba ruwa a kan soda, domin yana iya tafasa ya fantsamo. Zafin yana haurawa kusan digiri 90 a ma'aunin Salshiyos, ga tururi mai shaƙe maƙogwaro, don haka kusa da taga a buɗe na yi. Jug ɗin na roba mai jure zafi ne. Ƙarfe marar tsatsa ma ya yi, alminiyum ne ba a kusantar da shi ko kaɗan, soda tana cin sa tana fitar da iskar haidurojin. Na juya har ruwan ya yi garau babu ƙwaya ko ɗaya, na ajiye ya huce.

Kafin in auna manjan sai da na narkar da shi gaba ɗaya a mazubinsa na juya, saboda idan ya daskare yana rabuwa, sashe mai tauri ya koma ƙasa. Na haɗa shi da man kwakwa a wuta kaɗan, na sauke, na zuba man zaitun da na zurma. Na jira mai da ruwan soda suka sauko wajen digiri 36 zuwa 38. Wannan tsakaitawa ce tsakanin haɗari biyu. Idan aka haɗa da zafi sosai sabulun zai ƙara zafi a mazubi, idan kuma aka sauka ƙasa da digiri 32 ko makamancin haka, sashen manja mai tauri yana fara daskarewa tun kafin soda ta ci shi, ya bar fararen ɗigo a sabulu, ko ya yi kaurin ƙarya mutum ya zaci haɗin ya kama.

Tunda duka haɗin nake so ya yi fari, a cikin mai na zuba kwaɓin titaniyom tun kafin soda ta shiga. Amfanin haka shi ne babu abin da ke kora ka. Na nutsa bilendar hannu, na karkata ta na buga a gindin kwano don iskar da ta maƙale a ƙarƙashin kanta ta fita, na kaɗa na kusan minti ɗaya har man ya rikiɗe ya daina nuna gindin kwano. Nan take, kafin ruwan kwaɓin ya sake rabuwa da mai, na tsiyaya ruwan soda a jikin sandar bilenda don kada ya shigar da kumfa. Daga nan kaɗawa ta daƙiƙa biyar, a kashe a juya da hannu, a sake.

Abu biyu ke faruwa a wannan gaɓa. Na farko, haɗin ya fi saurin yin kauri fiye da wanda ba shi da hoda. Titaniyom tana ɗaure shi, kuma ruwan da aka rage shi ma yana ƙara gudu. Mai raba haɗi gida biyu ko uku don yin zane zai ga farin ya riga sauran kauri, saboda haka ya raba tun haɗin yana ruwa-ruwa, da zarar mai ya daina tasowa a sama, ya saka wa farin hodarsa a ƙarshe, ya juya da hannu. Ya kuma lissafa hodar a kan man da ke cikin wannan sashe kaɗai: idan kashi ɗaya cikin uku ne zai yi fari, giram 2.3 ya isa, ba 7 ba.

Na biyu shi ne launi. Haɗin da ke cikin kwano bai yi fari ba, rawaya-rawaya ne mai haske, kuma nan ne hannu yake ƙaiƙayin ƙara hoda. Kada a ƙara. Jiƙaƙƙen sabulu ba ya nuna farinsa na gaskiya, sai ya daskare, sannan ya ci gaba da haske yayin da yake bushewa. Zuba busasshiyar hoda a haɗin da ya riga ya fara kauri kuwa ita ce hanya mafi sauri ta samun sabulu mai ɗigo-ɗigo, don babu bilendar da za ta warware ta a wannan lokacin. Idan aka zarce kashi 1 sosai, aka doshi 2, sabulun yana yin gari-gari kamar alli a hannu, gefensa ya riƙa ɓarewa wajen yanka, kumfarsa ta ragu, har ya bar farin shafi a tawul mai duhu.

Turaren da na saka giram 30 ne, marar launi. Wannan zaɓi yana da nauyi daidai da zaɓin mai. Duk turaren da ke ɗauke da sinadarin banilin, mai ba da ƙamshin banila, yana mayar da sabulu ruwan ƙasa cikin kwanaki ko makonni, daga waje zuwa ciki, kuma titaniyom ba ta hana shi, sai dai ta rage duhun. Man ɓawon lemo yana rina shi rawaya. Na na'a-na'a da na labanda ba sa taɓa launi.

Da na ɗaga bilenda na ga ɗigon da ya faɗo yana barin sawu a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse, sai na juye a mazubin silikon mai cin kusan lita ɗaya da rabi. Na buga shi a kan tebur sau da yawa don kumfa ta taso, na fesa sifirit mai ƙarfin kashi 99 a sama, na rufe da leda. Wannan don hana farar tokar da ke fitowa ne idan sodar da ba ta gama aiki ba ta haɗu da iska. A kan farin sabulu ba ta cika fitowa fili ba, amma tana sa saman ya yi gautsi.

Yawancin masu koyar da haɗin sanyi suna cewa a lulluɓe mazubi da bargo. Ga farin sabulu na titaniyom ni akasin haka nake yi. Soda da mai suna fitar da zafi yayin da suke haɗuwa, idan zafin ya taru sai sabulun ya koma kamar jeli, ya fara daga tsakiya ya bazu zuwa gefe. Wanda ya bi ta wannan mataki yana fitowa da ɗan sheƙi da ɗan duhu, wanda bai bi ba ya fi fari ya fi rufewa. Babbar matsalar tana zuwa ne wajen hucewa. Idan ruwa ya yi yawa kuma ya huce a hankali, sassan sabulun ba sa daskarewa tare, hodar ta tattaru a wasu wurare, a tsakaninsu a samu jijiyoyi garau marasa launi, fuskar sabulun ta yi kamar busasshiyar laka da ta tsattsage. Masu sana'ar suna kiran su kogunan gilisarin. Ba su da illa, sabulun yana wanki lafiya, amma farin da aka wahala a kansa ya tafi. Abu uku ke haɗuwa su kawo su: yawan ruwa, yawan zafi, yawan hoda. Cikin ukun ruwa ne shugaba, shi ya sa na tsaya a giram 286, kuma shi ya sa ruwan kwaɓin hoda dole ya fito daga cikin lissafi. Mai saka madara, zuma ko sukari a sabulunsa ya ƙara kula, domin duk suna ƙara zafi.

Na saka mazubin a firij na awa 24. Inda babu firij, a ɗora shi a kan raga yadda iska za ta bi ta ƙasa, a kunna masa fanka. Abin gudu shi ne rabi da rabi, tsakiya ta yi jeli gefe bai yi ba, sai a yanka a tarar da zagaye mai duhu a tsakiyar kowane sabulu. Mazubin katako mai kauri yana riƙe zafi, ƙananan mazubai na ɗai-ɗai kuwa kusan ba sa yin jeli ko an bar su a fili, don haka su ne mafi sauƙi ga mai farawa.

Sabulun da aka hana shi zafi yana jinkirin tauri. Bayan fitowa daga firij na bar shi ya dawo daidai da zafin ɗaki, na ƙara masa kwana biyu kafin in cire shi, har lokacin da safar hannu, tunda soda ba ta gama aiki da wuri a cikin sanyi. Yanka shi da sanyinsa yana sa ya farfashe. Da waya na yanka. Wuƙa tana da faɗi, idan ta ci karo da ƙwayar hoda guda sai ta ja ta tun daga sama har ƙasa ta bar farin layi. Mai yanka da wuƙa ya riƙa goge ta bayan kowane yanka.

Fuskar yankan ita ke faɗin yadda aikin ya kasance. Tawa ta fito bai ɗaya, fari mai ɗan ɗumi, babu jijiya babu zagaye. Idan aka ga fararen ɗigo kada a yi saurin ɗora wa titaniyom, domin iri uku ne. Na titaniyom fari ne fat, idan aka kankare shi yana shafuwa. Na manjan da ya daskare yana da santsi irin na kakin zuma, ba ya shafuwa, kuma ba shi da illa. Na uku shi ne abin tsoro: ƙwayar soda da ba ta narke ba, mai ƙyalli, sau da yawa da ɗan danshi kewaye da ita. Sabulun da ke da wannan ba a wanka da shi. Ƙananan ramuka masu zagaye kuwa iska ce da bilenda ta shigar.

Na jera su a kan ragar roba da tazara a tsakani, a inuwa inda iska ke wucewa, na mako huɗu zuwa shida, ana juya su lokaci-lokaci. Ba a ɗora su a kan ƙarfe tsirara, ba a kuma barin su a rana. A cikin makonnin nan ruwa yana fita, rawayan man zaitun yana ja baya, farin yana ƙara fitowa. Sai bayan nan ake yanke hukunci ko giram 7 ya isa.

Idan bayan bushewa har yanzu akwai rawayan da ba a so, gyaran farko a wajen mai yake: a rage zaitun, a ƙara kitse ko alayyadi, a sake lissafin soda. Na biyu, ɗan ƙanƙanin launin altiramarin, shuɗi ko shunayya, abin da bai wuce bakin tsinken ashana ba ga kilon mai, a kwaɓa shi tare da titaniyom, yana kashe rawaya ido ya ga fari ya ƙaru, amma idan ya ɗan zarce sai sabulun ya yi toka-toka. Ƙara hoda shi ne na ƙarshe. Don a san iyakar da ta dace da wani haɗin mai, a raba haɗi guda a ƙananan kofuna uku, a saka kashi 0.3 a ɗaya, 0.6 a na biyu, kashi 1 a na uku, a rubuta a jikin kowanne, a kwatanta su bayan sun bushe a ƙarƙashin hasken rana, ba na ƙwan lantarki ba. Ragowar kwaɓin da aka yi da mai yana ajiyuwa a rufaffiyar kwalba muddin man bai lalace ba, a dai girgiza kafin a ɗiba. Wanda aka kwaɓa da ruwa kuwa a yi daidai buƙata, don ruwa ba ya daɗewa a ajiye bai fara lalacewa ba.